Inda Yaya Sale Ba Ya Shiga

Rukayya, ke kika ja ni wannan magana. Ranar Juma'a da kika zo gaishe ni kika ce ke da ƙawayenki kun buɗe sana'ar goge-gogen gidaje, kuna tallarta a waya, har kun ɗinka riguna iri ɗaya. Na tambaye ki da me kuke wanke sinki, kika yi dariya kika ce, "Haba Gwaggo, sinki ai ba aiki ba ne. A zuba ruwan wanki, a dirje, a ɗauraye, shi ke nan." Na ce wane sinkin? Kika ce duk ɗaya ne. To ba ɗaya ba ne, shi ya sa na ce ki kirawo ƙawayen naki ku zauna. Ba don in sanyaya muku gwiwa ba, na ji daɗi ƙwarai da kuka fito nema. So nake ku ji yadda na shiga aikin nan da abin da na tarar a cikinsa.

Ku da ba ku san ni ba, sunana Ladidi, amma daga Gaya har Ajingi sai an ce Ladidi mai sinki ake gane ni. Da ina yarinya ba mu san wani abu sinki ba. A tsakar gida ake wanke-wanke, a tsugune kusa da makwarara, da toka da yashi da soson buhu. Bayan rasuwar maigidana na dawo da 'ya'yana gidan yayana Sale, baban Rukayya. Shi aikin famfo ya koyo a Kano, ya dawo gida daidai lokacin da mutanenmu suka fara gina gidajen bulo, kowa yana son a yi wa matarsa kicin a ciki, da tanki a sama da burtsatse a ƙofar gida. Yaya Sale ke haɗa bututu ya kafa sinki, amma duk wannan tun gida yana kango yake yi, kafin a yi jere. Da amarya ta tare, gida ya zama ba shiga. Maigida kuma yawanci yana Kano ko Kudu wajen nema. In sinki ya toshe sai an jira shi ya dawo ya yi wa mai gyara iso, kafin nan kicin ya yi wari, amarya ta kwashe kwanukanta ta koma tsakar gida, sinkin ya zama wurin ajiye albasa.

Wata safiya aka aiko daga wani gida a Kademi, ruwa ya ƙi wucewa, maigidan yana Fatakwal. Ina tankaɗe a ƙofar ɗaki, Yaya Sale ya tsaya yana kallona, can ya ce, "Ladidi, ajiye rariyar nan. Hannun da ke tuƙa tuwon gidan nan ba zai kasa kwance bututu ba."

Na ce, "Yaya, ni? Mace da sifana?"

Ya ce, "Sifanar ba ta san mace ba."

Akwai wani tsohon sinki da ya ciro daga wani gida, ya ɗora shi a kan bulo a gindin darbejiya, ya nuna mini wani lanƙwasasshen bututu da ke ƙarƙashi, wanda suke kira gwiwa. Na kwance na ɗaura, na kwance na ɗaura, har ya gamsu. Sannan ya ɗauke ni a babur muka tafi. Da muka isa ya tsaya a zaure, ni na shige. Kicin ɗin yana kusa da katangar zauren, don haka da ihu muka yi aikin.

"Kin sa bokiti a ƙasa?"

"Na sa!"

"Murɗa hagu, a hankali! Roba ce, kada ki yi mata ƙarfi!"

Matan maƙwabta suka taru a bakin ƙofa suna leƙe suna dariya. Da gwiwar ta kwance, abin da ya zubo cikin bokiti yashi ne, ya haɗu da ƙanzon tuwo da daskararren mai ya yi tauri kamar kwaɓin magini. Amaryar ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Wallahi Yaya Ladidi, haka Innarmu ta koya mini goge tukunya, da yashi."

Na ce, "Haka aka koya mana duka, ba laifinki ba ne. Amma daga yau tukunyar tuwo a waje za ki fara kankare ta, ki zubar wa kaji, sannan ki shigo da ita."

Na wanke gwiwar na mayar, na buɗe famfo, ruwa ya wuce yana ƙugi. Matan nan suka ɗauki guɗa kamar an kawo lefe. Kafin mu bar Kademi ranar sai da na shiga wasu gidajen, Yaya Sale yana bina zaure zaure.

Shi Yaya bututu ya sani, bai san wanki ba. Ni kuwa da na shiga, sai uwargida ta riƙe ni ta ce, "Tunda kin zo, duba mini wannan tabon, ya ƙi fita." Ban san amsa ba, ban kuma yarda in yi kame-kame a kayan mutane ba. Da na faɗa wa Yaya, sai ya kai ni Ajingi wurin wata tsohuwa, Iya Hanne, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana aikatau a gidajen Kwarori, wato 'yan Labanan, da Turawa a Kano, tsufa ya dawo da ita gida. Idonta ya fara rauni, amma ta ce in riƙa zuwa ina ɗaukarta in an kira ni aiki, ita ma zaman ɗaki ya ishe ta. Ba ta taɓa karɓar ko sisina da sunan koyarwa ba, goro kawai nake kai mata.

Abin da ta fara koya mini shi ne kada in jiƙa sinki kafin in san da me aka yi shi. Takan lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa gefe, ta ce, "Saurara. In ya amsa kamar faranti, silba ne. In ya yi 'yar siririyar ƙara kamar kofin shayi, tangaran ne. In ya yi shiru kuma yatsanki ya yi zafi, dutse ne ko tarazo. In ya yi ƙwas-ƙwas kamar bokiti, roba ce, wannan ki hana su ɗora masa tukunya daga kan wuta." Na biyu kuma, duk abin da zan shafa, in fara gwada shi a lungun da ido ba ya kaiwa, in jira in gani.

Aikin farko da muka je tare, gidan wata ma'aikaciyar jinya ne a nan Gaya. Sinkinta na silba ne mai baki biyu, ko shekara bai yi ba, amma duk ya yi ɗigo-ɗigon tsatsa kamar an yayyafa masa barkono. Ranta a ɓace, tana cewa jabu aka sayar wa mijinta. Iya Hanne ta shafa cikin sinkin da tafin hannu ta ce, "'Yata, kawo mini sosonki." Ta miƙo soson waya. Iya ta ce, "Ga mai laifin. Sinkinki lafiyarsa ƙalau. Wayar nan ce take karairayewa, ɓurɓushinta ya maƙale, shi yake tsatsa, ba silbar ba." Ta sa na kwaɓa bekin soda da ruwa kaɗan ya yi kauri kamar kunun kanwa, na ɗauki tsumman tsohuwar singileti. Na fara gogawa a kewaye, ta riƙe mini hannu. "Duba da kyau, silba tana da zane, siraran layuka duk sun nufi gefe ɗaya. Bi su. In kika gitta musu, kin yi mata tabon da ba ya fita." Na bi layin, tsatsar ta tashi. Muka ɗauraye, muka goge shi ya bushe ƙarau, sannan ta ɗiga man gyaɗa a tsumma, ɗigo ɗaya tak, ta ce in bi shi da shi. Matar gidan ta tsaya tana ganin fuskarta a ciki. Iya ta bar mata gargaɗi: kada gwangwanin tumatir ya kwana a ciki, kada gishiri ya kwana, kada bilic, ruwan nan mai sa kaya fari, ya daɗe, kuma in an gama wanke-wanken dare a tsane shi da tsumma. Wannan tsanewar ita ce rabin aikin, amma ita mutane suka fi raina wa.

A Ajingi akwai wani gida da muka tarar da farin sinkin tangaran ya koma launin shayi. Matar tana yin zoɓo na sayarwa, ga manja, ga kurkur na miya. Tangaran fuskarsa santsi ce kamar gilashi, dauɗa ba ta shiga cikinsa sai in an karce shi. Ba ya son dirza, jiƙo yake so. Muka toshe ramin, muka tara ruwan ɗumi da garin sabulu, muka zauna aka kawo mana fura. Da muka tashi, yawancin tabon da kansa ya saki, sauran muka bi shi da bekin soda da soso mai laushi. Amma a kusurwa akwai wani tsagu kamar silin gashi, inda tukunyar ƙarfe ta taɓa suɓuce mata. Ta ce a yi masa dabara. Iya Hanne ta ce, "Tabo muke fitarwa, ba ma ɗinke tsagu. Ki sa robar wanke-wanke a ciki ki riƙa wanke masu nauyi a cikinta, kada kuma ki sheƙa masa tafasasshen ruwa da sanyin safiya. In kin lallaɓa shi zai kai ki shekaru." Ya kuwa kai ta.

Ruwan burtsatsenmu kun san halinsa. In ya bushe sai ya bar wani farin ɓawo kamar kanwa, musamman a wuyan famfo. Sabulu ba ya taɓa shi. Tsami yake so: a matse lemon tsami a tsumma, a naɗe wuyan famfon da shi, a bar shi ya jiƙa, sai a bi da tsohon buroshin haƙori. In babu lemo, jiƙon tsamiya ma yana yi. Wannan dabara ta yi mini suna, har ta kusa jawo ɓarna. Wata mai koko a Gaya mijinta ya sa an zuba mata sinkin tarazo babba, irin mai ƙananan duwatsu a cikin siminti, don wankin gero. Ta ga fuskarsa ta fara kaushi, ta ɗauka dauɗa ce, ta ji ana cewa Ladidi da lemo take aiki, sai ta sayo lemo ta yi ta goga masa. Da ta kira ni, duwatsun sun fito zaƙo-zaƙo, simintin da ke riƙe da su ya zaizaye. Na ce, "Me kike zubarwa a nan kullum?" Ta ce ruwan gasara. To shi ne. Tarazo da siminti da mabul tsami ne ajalinsu, ko na lemo, ko na tsamiya, ko na zoɓo, ko na gasara. Kuma suna shan abu kamar ƙasa, in mai ya zuba sai ya nutse. Su ruwan ɗumi da sabulu mai sauƙi kawai suke so. In mai ya nutse, a kwaɓa garin alli a shafa da kauri a bar shi ya bushe, zai tsotso shi. Na samo mai goge tarazo ya sake lailaye mata fuskar da dutsensa lokacin da mijinta yana gida ya yi masa iso, na narka kakin zuma na shafe shi, na ce ruwan gasara kuma a bokiti, a kai waje. Abin da ya gyara sinkin maƙwabciyarki shi zai kashe naki, wannan nake so ku riƙe.

Kayan aikina ba su da yawa, jakar buhu ɗaya ke ɗauke su. Sifana, da robar zuƙo ta buɗe toshiya, da doguwar waya mai lanƙwasa a baki, da farin tef na naɗe bakin bututu, da buroshin haƙori, da soso mai laushi, da tsummoki. Tsumman silba daban, na dutse daban, don kada ragowar tsami ya bi shi. Masu kirana kuwa iri-iri ne. Akwai wadda za ta wanke sinkin tas kafin in zo don kada in ga ƙazantarta, sai na yi ta tambaya kafin in gane ciwon. Akwai wadda hira take so, sinkin hujja ne. Akwai na ƙauye da za su ce sai kaka, kuma da kaka sai ga gero ko gyaɗa har gida, ba su taɓa mantawa ba. Da wannan jakar na ciyar da 'ya'yana na sa su makaranta, ban taɓa miƙa hannu ga kowa ba. Alhamdu lillahi.

Sai shekarar da ba na mantawa. Damina ta ɗauke da wuri, gero bai yi ido ba, kowa ya ƙulle hannunsa. Ana cikin haka Yaya Sale ya faɗi da babur a hanyar Ajingi ya karye a cinya, ya kwanta. Sabon aiki ya tsaya, mai kai ni ma babu. Sannan wani mutum ya fara zuwa kasuwar Ajingi da lasifika, yana sayar da wani ruwa rawaya a tsofaffin gorunan ruwa, babu suna babu rubutu. Yakan ajiye tayil mai dauɗa ya tsiyaya masa, ya yi kumfa ya yi fari fat, mutane su yi ta mamaki. Yana cewa yana wanke komai, masai, tayil, sinki, tukunya. Ga araha. Cikin ɗan lokaci kowane gida da gorarsa. Wa zai kira Ladidi ta zo ta zauna tana jiƙa tsumma da lemo?

Na sayi gora ɗaya na kai wa Iya Hanne, lokacin ta daina fita. Ta buɗe ta kai kusa da hanci ta yi maza ta kawar da kai. Ta ce, "Wannan ɗan'uwan ruwan batir ne. Magina suna cire busasshen siminti da shi a kan tayil, a nan yana da amfani. Amma a kicin? Allah ya kiyaye. Ki faɗa wa duk wadda za ta ji." Na faɗa, amma wadda aka ƙwace wa ciniki in ta kushe kaya, kun san yadda ake kallonta. Wata ma ce mini ta yi, "Ladidi, kishi kike da gora?" Na rataye jakata a ƙusa, na koma sayen gyaɗa ina matsar mai ina toya ƙuli-ƙuli, ina bin motar kasuwa ina shiga gidajen da na saba, da galan a ka maimakon sifana. Da shi muka ci, da shi aka yi jinyar Yaya.

Wata hantsi tallan mai ya kai ni Gafasa, gidan wani malami mai makarantar allo da Islamiyya. Na san gidan, na sha wanke musu wani sinkin tarazo da Malam ya sa aka zuba wa surukarsa Hadiza, matar babban ɗansa. Washegari za a yi walimar sauka, gida ya cika da aiki. Ina tsakar gida ina auna wa Hajiya, uwargidan Malam, mai a kwalba, sai na ji tari daga kicin. Ba tarin mura ba, irin wanda mutum yake yi numfashi na ƙwace masa. Ƙofar a rufe take saboda kaji. Sai kuma wani wari ya bugi hancina, mai yaji, har idona ya kawo ruwa daga inda nake zaune.

Na ce, "Hajiya, wa ke ciki?"

Ta ce, "Hadiza ce, tana wanke sinki saboda baƙin gobe."

"Da me?"

"Da ruwan nan na kasuwa. Ta ce bai yi fari sosai ba, yanzu ta karɓi bilic ta ƙara."

Ban san lokacin da na ture galan ɗin ba. Iya Hanne ta taɓa ba ni labarin wani kuku a Kano da ya haɗa irin waɗannan biyun a banɗaki a rufe, sai gawarsa aka fitar. Na tsoma mayafina a randa na toshe hanci da baki, na ja numfashi na riƙe, na banke ƙofar. Sinkin yana ta tafasa da kumfa, iskar ɗakin ta yi wani ɗorawa-ɗorawa. Hadiza ta durƙushe a ƙasa ta dafa bango, idonta jawur, tana son tashi ta kasa. Sai a lokacin na ga goyo a bayanta. Jaririyarta Sadiya, ko zama ba ta fara ba, kuma ba ta kuka.

Na kama Hadiza ta hammata na ja ta da baya har tsakar gida. Na fizge majanyin na kwance yarinyar, na ɗaga ta sama inda iska ke kaɗawa. Jikinta ya saki, leɓenta ya canza launi. Hajiya tana salati, mata suka fito da gudu, wata ta nufi kicin za ta watsa ruwa. Na daka mata tsawa, "Kada wanda ya shiga! Ku bar ƙofar a buɗe, ku buɗe tagar ta waje, ku ja yara baya!" Na kifa yarinyar a hannuna ina shafa bayanta ina kiran sunan Allah. Can ta yi wani ɗan tari, ta sake yi, sannan ta tsanyara kuka. Ban taɓa jin kukan da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

Malam da kansa ya shigo ba ko takalmi. Aka samo motar wani maƙwabci mai ɗaukar kaya, muka tafi asibiti a Ajingi, ina rungume da yarinyar a gaba, gilashi a sauke, Hadiza a jingine da Hajiya tana ta tari. Ma'aikatan suka karɓe su da sauri, suka sa musu abin numfashi. Wadda ta duba su ta ce da an ƙara jimawa a ɗakin nan da labari ya sha bamban. Sun kwana biyu a can kafin a sallamo su, an ɗaga walimar, amma duk su biyun sun dawo lafiya, Hadiza da ƙafafunta, ita ƙaramar a goye.

Bayan sun dawo Malam ya aika a kira ni. Na durƙusa daga bakin zaure na gaishe shi. Ya yi mini addu'a mai tsawo, sannan ya ce, "Malama Ladidi, akwai ajin matan aure a makarantar nan. Ina so ki zo ki faɗa musu abin da kika sani."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ban yi karatun da zan tsaya gaban aji ba."

Ya ce, "Abin da zai tsare rai ai karatu ne. Ki zo."

Na je. Na tsaya gaban aji cike da mata. Na zo da guntun tarazo da guntun silba, na ɗiga musu ruwan gorar a waje suna kallo, tarazon ya yi kumfa ya rarake, silbar ta yi baƙi. Na ce kada a haɗa bilic da komai sai ruwa, kada a yi wanki da abu mai ƙarfi ƙofa a rufe, kada a yi shi da goyo, kada a sayi abin da ba shi da suna a jikinsa. Hadiza ta miƙe da muryarta da ba ta gama washewa ba ta ba da labarinta da bakinta. Wannan ya fi duk abin da na faɗa shiga kunne. Daga nan wasu makarantun suka riƙa kirana, har Kademi. Mai lasifikar ban san inda ya koma ba, wataƙila shi ma bai san abin da yake sayarwa ba.

Aiki ya dawo, har ya fi da. Sai dai da yawa abin da na tarar ya wuce gyara: silba ta ƙone ta yi baƙi, wuyan famfo ya ɓare, tarazo ya zama kamar saƙar zuma. Na Hadiza ma haka, da Yaya Sale ya miƙe yana dogara sanda Malam ya shiga da shi da kansa, Yaya ya cire sinkin ya kafa na silba, tsohon aka kai bayan gida awaki suna shan ruwa a ciki. A wannan shekarar na koyi cewa "wannan ba zai gyaru ba" ita ma aiki ce, kuma wadda kika faɗa wa gaskiya ita za ta sake kiranki. Iya Hanne ta ji duk labarin kafin Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta, ya saka mata, ya saka wa Yaya Sale da ya ɗora mini sifana a hannu lokacin da ni kaina ban ga dacewar hakan ba.

Ku kun fi mu sa'a. Kuna karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba, kuna da safar hannu, ni sai da tafina ya tsage kafin Rukayya ta kawo mini nawa, kuma ina jin daɗinsu. Akwai sababbin sinkunan da ake kawowa yanzu, baƙaƙe masu kama da dutse, waɗanda ni ma tambaya nake yi a kansu. Ku riƙa tambaya, ba abin kunya ba ne. Gidan da aka buɗe muku har kicin, an ba ku amana ne, akwai abincin mutane a wurin, akwai 'ya'yansu.

Mutanen Gafasa kuwa ba su sake ni ba. Tun daga shekarar nan, duk sallar layya sai an aiko mini da nama daga gidan Malam. Bana Sadiya ce da kanta ta zo, babanta ya kawo ta a babur ya tsaya a waje. Ta yi tsawo, da hijabinta har ƙasa, ta shigo da ƙullin nama a hannu ta durƙusa ta ce, "Iya, ina yini. Umma ta ce a kawo wa ungozomata."

Na karɓa na sa mata albarka. Maƙwabciyata tana zaune muna tsinke zogale, ta saki baki tana kallona, ta ce, "Ikon Allah! Ladidi, yaushe kika fara karɓar haihuwa ban sani ba?"

Na ce, "Sau ɗaya na taɓa yi. A kicin ne, kuma a goye na same ta."